Kukan magariba: jinjira ta hana gida barci, uwar miji ta ce bauri da wanzami

Mai jego (Talaje): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Jinjirata satinta biyar, ita ce ta fari. Da rana lafiya lau, ta sha ta yi barcinta. Amma ana kiran magariba sai ta fara, ta dinga miƙa tana naɗe ƙafafu, fuska ta yi jajir, har bayan isha'i, wani daren har sha ɗaya. In na ba ta nono ta kama ta saki, ta kama ta saki. Uwar mijina ta ce ɗayan biyu ne, ko ƙishirwa saboda zafin nan na Afrilu, ko belu tunda ba a cire ba lokacin suna. Ta riga ta aika kasuwar Katako nan Yamai a sayo haɗin bauri, jiƙon saiwoyin nan da ake ba jarirai, kuma tana maganar kiran wanzami ranar Juma'a. A matanite, asibitin haihuwa, kuwa an ce kar in ba ta komai sai nono har wata shida. Wa zan bi? A gidanta nake zaune, ban iya yi mata musu.

Uwar ƴan biyu (Bukoki): Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya. Kukan magariba ke nan, da wuya ki samu uwa a nan da ba ta sha shi ba. Nawa su biyu karɓa-karɓa suke yi mini, wannan ya yi shiru wancan ya ɗauka. Kafin a je ko'ina dai, wanzamin nan a dakata da shi.

Tanti mai ɗinki (Wadata): Ni fa ban ga laifin ruwa ba. Jiya zafi ya haura 40, babba ma bai iya awa guda bai kai kofi baki ba, balle ɗan mitsitsin yaro. Cokali biyu na tafasasshen ruwa me zai yi mata? Likitoci littafin Turawa suke karantawa, su kuwa can ƙasarsu sanyi ne.

Ungozomar awo (Yantala): Sannu mai jego. Tanti zan dawo kanki. Ƙanwata amsa mini waɗannan tukuna. Famfas nawa take jiƙawa daga safiya zuwa wata safiyar, kuma fitsarin fari ne ko ya yi duhu? Jikinta na zafi? Tana amai mai ƙarfi ko tumbuɗi ne kawai? Kashinta fa, akwai jini? Ki duba karne, katin awonta, ki faɗa mini nauyinta ranar haihuwa da na awon ƙarshe. Sannan in kukan ya wuce, tana dawowa daidai ko tana yin laushi?

Mai jego (Talaje): Madam, tana jiƙa bakwai ko takwas, fitsarin fari tas. Ba zafin jiki. Tumbuɗi kaɗan bayan ta sha. Kashin ruwan ɗorawa ne, ba jini. An haife ta da kilo 3, awon shekaranjiya kilo 4 saura kaɗan. Da safe kuwa ka rantse ba ita ce ta tashi unguwa ba.

Ungozomar awo (Yantala): Alhamdu lillahi. To kwantar da hankalinki. Yarinyar da ke jiƙa famfas shida ko fiye, fitsarinta fari, nauyinta na hawa haka, ba ƙishirwa take ji ba, nononki kuma bai gaza ba. Wannan kukan yana da lokacinsa. Yakan fara wajen sati biyu da haihuwa, ya yi tsanani wajen sati shida, daga nan ya soma ja da baya, zuwa wata uku ko huɗu ya wuce. Ke nan yanzu kina dab da inda ya fi tsanani. Na faɗa miki ne don in sati mai zuwa ya fi wannan, kar ki ce wani abu ne ya lalace, kar kuma a ce ai don an ƙi bauri ne. Wani likitan yara na Amurka, Morris Wessel, tun 1954 ya sa wa irin wannan kuka ma'auni: awa uku a rana, kwana uku a sati, har sati uku, ga yaro mai lafiya mai ƙiba. Ana danganta shi da hanjin da bai gama ƙwari ba, da iskar da yaro ke haɗiya, da gajiyar yini da ke taru masa da yamma.

Tanti, maganar ruwa ba ta Turawa ba ce. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma na farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. In zafi ya yi yawa yaro da kansa yake ƙara neman nono, ya sha kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ruwan da kika ba shi wurin nono ya cinye, don cikin ƙarami ne, sai ya rage tsotso, nonon uwar ma ya ragu tunda tsotso ke kawo shi. Ga zawo in ruwan ko cokalin ba su da tsabta. In ruwan ya yi yawa kuma yana tsinka gishirin jinin jariri har ya kai ga jijjiga. Ruwan nan uwar za a ba, ta sha iya shanta.

Tanti mai ɗinki (Wadata): To mu da aka ba mu ruwa ga mu nan da ranmu.

Inna Ba'adara (Garkawa, Tawa): Jikata ce ka rubuta mini. Ɗiyata barka da arziki, Allah shi raya, shi yi mata albarka. Ɗiyan da na haihwa duka bauri sunka sha, ban ɓoye ba, kuma ban yarda a ce uwayenmu ba su san komi ba. Amma ku ƴan zamani akwai abin da kuka mance. A lokacinmu mai jego ba ita ɗaya ka riƙon ɗa ba. Goyon ciki aka tahiya gida, ga uwa, ga inna, ga ƙanne, wagga ta gaji wagga ta amsa. Ɗa bai kwana ƙasa shina kuka. Yanzu an rufe yarinya cikin ɗakin siminti da kwano bisa, ita ɗaya da jinjiri, an ce ta yi haƙuri. Ina haƙurin zai hito?

Ga abin da munka gada, ba na sha ba ne. Tun la'asar sakaliya, kahin ta hwara, ki yi mata wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ki shahwa man kaɗe ga hannunki ki murza mata ciki a hankali kina kewaya cibi, ki kama ƙahwahunta ki naɗe su bisa ciki ki miƙe, ki naɗe ki miƙe, iska za ta hita. Ki kihe ta bisa cinyarki kina bubbuga baya. In duk ta ƙiya, goyo. Zane shi tallabe wuya da kyau, ki hita tsakar gida kina kai da kawowa kina yi mata ƴar waƙa. Ko wace iri ce, ba muryar zabiya taka nema ba, taki taka nema.

Ungozomar awo (Yantala): Inna Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka lissafa, ni ma shi nake faɗa wa mata wurin awo, ban da abin ƙarawa sai biyu. In an goya ta, a bar fuska a waje, kar mayafi ya rufe hanci. Kifewa kuma a cinya ne, ido biyu. In ta yi barci a kwantar da ita rigingine cikin gidan sauro, ba rub da ciki ba.

Bauri ne kawai ba mu haɗu ba. Zabarmawa ma suna da nasu, jitti, kuma kowace mai haɗawa da nata saiwoyi da ɓawon itace. Ba wanda zai ce miki ga adadin da ƙodar ɗan sati biyar ke iya ɗauka. Wani haɗin yana sa zawo, sai a ce datti ne ke fita. Wani yana sa barci mai nauyi, sai a ce ya yi magani. Ga shi jiƙon yana yini cikin wannan zafi ana ɗiba.

Inna Ba'adara (Garkawa, Tawa): Na ji. Ni dai ban ce a ba ta ba, ban kuma ce a zagi wadda ta ce a ba ta ba. Tsohuwar nan son jikarta ne ya sa ta aika kasuwa.

Ɗan wanzam (Gamkale): Salamu alaikum. Na ga ana ta dukan sana'ar gidanmu. Mahaifina wanzami ne, kakana wanzami ne. Cire belu ba jiya aka fara ba, kuma mun ga yaran da ba sa kama nono, aka cire suka kama. In belu ya yi tsawo yana taɓa maƙogwaro, yaro ya yi ta tari da amai. A riƙa yi mana adalci.

Uwar ƴan biyu (Bukoki): Malam ba wanda ya raina gidanku. Aski ranar suna ku ne, ba mai ƙwace muku. Amma yarinyar nan tana kama nono, kilo guda ta kusa ƙarawa. Me za a yanka a bakinta?

Ungozomar awo (Yantala): Ɗan'uwa, kowane mutum da belunsa aka halicce shi, yana cikin abin da ke tare hanyar hanci lokacin haɗiya. Ba ya girma ya toshe wuya. Abin da mu muke karɓa a asibiti bayan an cire shi ne jinin da ya ƙi tsayawa, jariri kuwa jininsa duka bai fi kofi guda da ɗan abu ba. Sai ciwon da ya ruɓe, sai sandarewar jiki in ƙarfen bai da tsabta, sai yaron da ya daina tsotso kwana da kwanaki saboda zafin miki. Wanda aka cire wa a wata na biyu kuma kukan ya ragu a na uku, sai a ce aikin wanzami ne, alhali ko ba a taɓa shi ba lokacin raguwar ne ya zo. Ku ba a dawo muku da waɗanda abin ya ɓaci, mu ake kawo wa cikin dare.

Ɗan wanzam (Gamkale): Masu yi da tsatsar ƙarfe ba wanzaman gado ba ne. Amma na yarda wadda ke shan nono lafiya ba ta da buƙata. Mahaifina ma yakan duba ya ce a mayar da yaro gida.

Gwaggon yara (Lazare): Ni wata tambaya ce da ba wanda ya yi. Ɗiyata, kin ce ta fari ce, kuma gidan uwar miji kike. Da yamma in kowa na tsakar gida, kina ɗaukarta ki ba ta nono gaban tsohuwa, ko sai an miƙo miki?

Mai jego (Talaje): Gwaggo kin taɓo wurin. Wallahi kunya nake ji. In ta fara motsi ina gani, amma sai in yi kamar ban gani ba, kar a ce na cika rawar kai a kan ɗiyar fari. Sai ta yi kuka sosai tsohuwa ta ce ke zo ki ɗauki abarki, sannan in shiga ɗaki da ita.

Gwaggon yara (Lazare): Na san za a rina. Alkunyar ɗan fari abu ne mai kyau, mu ma mun yi, har yau ban kiran sunan nawa. Amma can da da ake yin ta, akwai kaka ko gwaggo da aikinta ke nan, tana ganin yaro ya motsa ta ɗauko ta ɗora miki a cinya, har da ɗan faɗa wai an tilasta ki. Kunyar taki ce, yaron bai yi asarar komai ba. Yanzu an riƙe kunyar an saki wancan. Ki ɓoye sunanta in kina so, ki ƙi yi mata wasa gaban mutane, amma nono ba a yi masa alkunya. Kina ganin ta fara tsotsar hannu, tana juya kai tana buɗe baki, tashi ki shige ɗaki da ita ba sai kin ce wa kowa komai ba. Yaron da ya riga ya shiƙe da kuka bai iya kama nono da kyau, iska yake haɗiya, ita ce kama-saki ɗin da kike gani.

Uwar ƴan biyu (Bukoki): Gaskiya ne. Kuma da yamma suna son sha a jere a jere, yanzu ta sha, bayan rabin awa ta sake nema. Ba ƙarancin nono ba ne. Ki bar ta ta gama da ɗaya kafin ki juya ta ɗayan, bakinta ya cika da baƙin nonon ba kan kawai ba. In ta gama ki ɗora ta a kafaɗa sai ta yi gyatsa, ko da za ki jima. In ta riga ta birkice, cire mata riga ki kwantar da ita a ƙirjinki fata da fata, ta lafa tukuna sannan ki ba ta.

Baban yara (Banifandu): A yi mini afuwa, namiji zai sa baki. Namu ya yi irin wannan. Abin da na lura, ƴan barka ne ke gajiyar da shi. Yini guda hannu goma, kowa da turarensa, ga talabijin, ga turaren wuta an rufe ɗaki. Ga shi an sa masa hula da safa da bargo a watan Afrilu, ka taɓa ƙeyarsa sharkaf da gumi, wuya duk ƙurajen zafi. Muka rage masa kaya zuwa ƴar riga ɗaya, muka fitar da kaskon turare. In na dawo daga masallaci sai in kwantar da shi a kan damtsena, cikinsa a tafin hannuna, in yi ta zagaye a ƙofar gida. Ƙarar fanka ma tana sa shi shiru, in ba a ɗauke wuta ba ke nan, kun dai san Yamai a wannan wata. In an ɗauke sai in yi ta yi masa shhh a kusa da kunne. Maza mu daina cewa aikin mata ne. Awa guda ka karɓa, ita ta yi wanka ta ci abinci da zafinsa.

Tanti mai ɗinki (Wadata): Baban yara Allah ya yawaita irinku. Namu in yaro ya fara kuka sai fada, sai an yi shayi na uku ake ganinsu.

Amaryar bara (Bobiyel): Ni siro na saya wa nawa, wanda ake kawowa daga Najeriya na ciwon ciki, da wani na mura da maƙwabciyata ta ce yana sa barci. Yana sha sai barci har safe.

Mai farmasi (Plato): Ƙanwata don Allah ki daina na barcin nan yau ɗin nan. Galibin irinsu akwai promethazine ko danginsa a ciki, kuma an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba, don yana iya danne numfashi. Barcin da kike gani ba na hutu ba ne, maganin ne ya kayar da shi. Na ciwon cikin kuwa, wanda ake kira gripe water, tun 1851 aka haɗa shi a Ingila, na asalin har da giya a ciki. Na yanzu galibi ruwan zaƙi ne da ɗan ƙamshi, zaƙin ke sa yaro ya yi shiru na ɗan lokaci. Ga kuma inda aka saye shi. Kwalbar da ta yini a tire cikin rana a bakin kasuwa, ba mai ce miki ga abin da ke ciki. A 2008 wani siron haƙori ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, a 2022 kuma siron tari ya kashe wajen 70 a Gambiya, duka gubar da ke lalata ƙoda ce aka samu a ciki. Ko farasitamol ma kar a ba ɗan ƙasa da wata uku sai likita ya gan shi, don yana ɓoye zazzaɓin da ya kamata a gani.

Malama ta islamiyya (Dar Salam): Assalamu alaikum. Tunda an ambaci magariba, na san wasu a zuciyarsu suna cewa iska ce ko baki. Ya zo a hadisi a tsare yara a gida lokacin shigar dare, wannan a yi shi. Addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini ma tana cikin Bukhari, ta neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga kowane shaiɗan da abu mai dafi da mugun ido. Ki karanta mata da Falaƙi da Nasi, ki tofa a hannu ki shafe ta. Wannan bai buƙatar a ɗura mata komai. Taunannen dabinon da ake shafa wa jariri a baki sau ɗaya ne bayan haihuwa, ba abin kullum ba. Kuma ku tuna Annabi (SAW) da kansa ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita don kar ya wahalar da uwar. Bai ce uwar ta yi sakaci ba. Mu ne muka mai da abin ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, kowa ya wuce sai ya ce nononta ne, ko ruwan sanyi ta sha.

Ungozomar awo (Yantala): Na gode Malama. A ƙara da zuma, kar a lasa wa yaro sai ya cika shekara, akwai ƙwayar cutar da ke iya zama a ciki ta shanye masa jiki. Ruwan sanyin da uwa ta sha kuma ba ya bi ta nono ya murɗa cikin yaro. Kunun kanwa ne ma zan ce a sassauta, kanwa gishiri ce, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawanta da ciwon zuciyar masu jego. A sha kunu, a rage kanwar.

Wata uwa (an sakaya suna): Zan faɗi abin da ba a faɗa. Akwai daren da kukan ya kai ni inda na ji kamar in girgiza shi ya yi shiru. Ina son ɗana, amma na ji hakan. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ungozomar awo (Yantala): Ƴar'uwa ba ke kaɗai ba ce, rashin barci ne da rashin mataimaki. In kin ji hakan ya taso, kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki fita ki wanke fuska, ki yi minti goma. Kukan minti goma bai yi masa komai. Girgizawa kuwa, wuyansa bai riƙe kai ba tukuna, jijiyoyin cikin kai ke tsinkewa, ana samun makanta ko mutuwa. Ki ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ko da tsakar dare ne. In kuma baƙin cikin ya zauna miki, kina kuka ba dalili, abinci ya fita ranki har fiye da sati biyu, ki zo CSI, asibitin unguwa, ki faɗa mana, ciwo ne da ake kula da shi.

Gwaggon yara (Lazare): Mu koma kan tsohuwa, don Juma'a na matsowa. Ɗiyata ba ke za ki yi maganar ba. Ki faɗa wa mijinki cikin ɗaki, shi ya sami mahaifiyarsa, ya ce likita ya hana kuma shi ne bai yarda ba. Daga bakin ɗanta za ta haɗiye, daga naki raini ne. Sannan kar ku bar ta hannu sake, ku ba ta aiki. Ki ce Inna ni ban iya murzar cikin nan ba, ku koya mini. Wankan la'asar ya zama nata. Ranar allurar sati shida kuma ku tafi tare, ita ta riƙe yarinyar, ta ga sikeli da idonta.

Inna Ba'adara (Garkawa, Tawa): Wanga shi ne magana. Tsohuwa in anka ce mata bari, sai a ce mata riƙa wanga.

Mai jego (Talaje): Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Na yi wa maigidan magana, ya ce wanzami kam ba za a kira ba, zai same ta bayan asuba. Baurin an riga an kawo, yana nan cikin leda, wannan ne ban san yadda za ta kaya ba. Jiya na riga ta, tana fara tsotsar hannu na shige da ita. Ta yi kukan amma bai kai na kullum ba.

Ungozomar awo (Yantala): Madalla. Ki sani bayan allurar sati shida tana iya yin ɗan zafin jiki da rigima kwana ɗaya ko biyu, za su faɗa miki abin yi a wurin. Kar a ɗora wa rashin bauri.

Sabuwar uwa (Harobanda): Don Allah ni ma a duba mini. Nawa kwanansa goma sha biyu. Shi ba kuka mai ƙarfi yake ba, ƙugi-ƙugi yake tun rana, ya ƙi kama nono sau uku, jikinsa da zafi, cibiyar ta yi ja tana ɗan wari. In gwada wankan da murzar cikin?

Ungozomar awo (Yantala): A'a! Naki daban ne. Tashi yanzu, kar ki jira safiya, kar ki ba shi komai sai nono. Asibitin Lamorde na gefenku, ba sai kin ƙetare gada ba. Ki ɗauki karne. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitin gwamnati, amma ku riƙe ɗan kuɗi ko za a rubuta abin saye, rashinsa dai kar ya tsayar da ku. A hanya ki riƙa gwada ba shi nono.

Duk mai jariri ta riƙe waɗannan, ba a rarrashinsu a gida: ƙin nono, zafin jiki da ya kai 38 ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi 60 ko fiye a minti guda, ƙirji na shiga ciki, jijjiga, laushin da sai an taɓa shi yake motsi, amai kore, jini a kashi, ciki ya kumbura ya yi tauri, maɗiga ta kumbura, tafin hannu da na ƙafa su yi ɗorawa, cibi ya yi ja ko ruwa.

Baban yara (Banifandu): In ba abin hawa ki faɗa, akwai ƴan zauren nan a Harobanda.

Sabuwar uwa (Harobanda): Mun samu taksi, muna hanya da babansa.

Uwar ƴan biyu (Bukoki): Allah ya ba shi lafiya. Ki sanar da mu.

Sabuwar uwa (Harobanda): Salam, an kwantar da mu tun daren jiya. Sun ce ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibi, ana yi masa allura ta jijiya, za mu yi kwanaki. Da asuba ya ɗan kama nono. Madam, kakarsa na tambaya, in an sallame mu a ci gaba da gasa cibin da man zafin da ake sa masa?

Ungozomar awo (Yantala): Alhamdu lillahi da ya kama. A bar gashin, a bar man, ba toka ba man goge baki. Abin da suka ba ku kawai za ku shafa, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wurin, a naɗe bakin famfas ƙasa da cibi ya sha iska. Alluran kuma a cika su ko da kin ga ya warware a kwana na biyu. In tsotson bai yi ƙarfi ba ki tatsa a kofi mai tsabta, ma'aikatan ɗakin za su nuna miki yadda ake ba shi.